Buhun Wake Takwas A Bayan Jif

Wajen shekarar dubu biyu da shida ni ɗan kasuwar wake da riɗi ne a Azare, shekaruna talatin da 'yan kai, ga kuɗi sun fara shigowa, ga zuciya a kusa. Ko a gida an san ni, in raina ya ɓaci sai dai kowa ya kama gabansa. Wannan zuciyar ce ta sa na nakasa wani bawan Allah a kan mota, kuma yau na ga gara in faɗa da bakina ko wani ya tsira da abin da ni ban tsira da shi ba.

A shekarar ne na sayar da a-kori-kurar da nake ɗaukar kaya da ita, na haɗa da ribar kaka, na sayo wata baƙar jif 'yar Kwatano, irin ta manyan mutane. Kujerun fata, sanyi kamar firji, in ka tayar da ita sai ta ɗaga kanta sama a hankali, don ba sifirin gare ta ba, wasu balan-balan ne na iska suke riƙe da ita. Wata biyu na yi ina jin daɗi, daga nan ta fara nuna mini halinta. Mai kam shan sa take kamar an huda tankin. Fitilu kala-kala su kama a gaban direba, babu wanda ya san me suke nufi. Giya ta riƙa fizga, lagireto ya yi yoyo, gilashin ƙofa ya sauka ya ƙi hawa. Kowane ƙarfe sai an aika Kano, wani ma sai Legas, ta hannun wani ɗan kudu da ya daɗe a garin, mai shagon kayan mota a jikin garejin da nake kai gyara. Abin da a-kori-kurata ba ta ci a shekara ba, wannan ta lashe shi a wata guda.

Bakaniken da nake kai wa dattijo ne, mutumin Bulkachuwa, tun motar mahaifina shi yake gyarawa, Baba nake ce masa. Ranar farko da ya gan ta ya gaya mini gaskiya cewa shi bai san kan irin wannan mota ba, in riƙa kai ta Kano inda ake da na'urar duba ta. Na ƙi, don ina ƙyashin hanya da kuɗin. Da balan-balan na baya suka fara sacewa, na wayi gari na tarar da ita zaune a kan tayoyinta, sai ya daure ya kwana uku yana fama, ya sa sababbi guda biyu da injin hura su. Da zan tafi ya riƙe ƙofar, ya ce Alhaji don Allah mutane kawai za ta ɗauka, kada in kuskura in yi mata lodi.

Kwana huɗu tsakani na je Chinade sayen wake, motar da na yi jinga da ita ba ta zo ba. To ni ɗan kasuwa ne, ina kallon kayana a ƙasa ga mota da fili a baya, ina zan iya? Na kwantar da kujeru na sa aka jera buhu takwas. Ko rabin hanya ban yi ba na faɗa wani rami, na ji ƙara fam! Bayan motar ya zube, ta riƙa jan ciki a ƙasa. 'Yan acaɓa suna wucewa suna dariya, wani har da tambayata ko raƙumin ya gaji ne. Sai da aka sauke buhunan aka jawo ta da tarakta har garejin Baba a Azare, rana tsaka, kowa yana gani.

Na isa garejin idona a rufe. Na hau Baba da zagi, na ce ɓarawo ne, ya sa mini tsofaffi ya ɓoye sababbin. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya buɗe bayan jif ɗin ya debo waken da ya zube a tafin hannunsa, ya nuna mini, ya ce a hankali ai ya gaya mini wannan ba jaki ba ce. Mutanen wurin suka kwashe da dariya. Wallahi daga nan ban san kaina ba. Na wanka masa mari har hularsa ta faɗi, mutumin da ya yi sa'an ubana. Na sunkuya na ɗauki ƙarfen kwance taya na kai masa a ka, ya tare da hannun dama, na ji ƙashi ya ce ƙas. Ya durƙushe, ya dafa ƙasa da hannun, ni kuma la'ananne na sake sauke masa ƙarfen a kan yatsun. Jini ya wanke masa riga.

Sauran kanikawa suka yo kaina da sifanu da duwatsu. Aka fasa mini baki, haƙora biyu suka fita, aka tattaka ni a cikin baƙin mai. Suka ragargaza gilasan motar, wani yana ihun a kawo fetur. Ɗan kudun nan ne ya kutsa ya ja ni cikin shagonsa ya datse ƙofar ƙarfe har 'yan sanda suka zo. A cikin shagon, ina tofar da jini, ya jefo mini kwalayen da balan-balan ɗin suka zo a ciki, ya ce a gabansa Baba ya ɗaura su sababbi fil, nauyi ne ya fasa su.

Kwana biyar na yi a tsare. Baba ne ya aiko cewa ba zai kai ɗan amininsa kotu ba, aka sake ni. An yi asibiti, an yi ɗori, amma hannun ya ƙi miƙuwa, yatsu uku sun ƙi lanƙwasuwa, sifana ta gagare shi riƙewa, ya bar aikin da ya yi shekara arba'in yana ci da iyalinsa da shi. Motar kuwa 'yan gwangwan na sayar wa, suka yanka ta gunduwa-gunduwa.

Ina roƙon duk mai sha'awar irin waɗannan manyan motoci na hannu, kafin ya saya ya tambayi kansa ko zai iya ciyar da ita, ko akwai mai gyaranta a garinsa, kuma in mai gyara ya ce kada a yi abu, a ji. Laifina ne tun daga sayen har lodin, amma na rasa wanda zan huce a kansa sai wanda ya gaya mini gaskiya. Har yau ina kai masa hatsi duk kaka, ya karɓa ya sa mini albarka, ya ce ya yafe tuntuni. Abin da yake kashe ni shi ne in na je gaishe shi, sai ya miƙo mini hannun hagu, sannan ya ce in yi haƙuri Alhaji, na daman ne ba ya miƙuwa.