Bencin Gindin Mangwaro

Ina alwalar la'asar Hadiza ta kira ni. "Baba, abokinka ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mahaifinta ke nan, Malam Isiyaku, wanda muka ƙarar da ƙuruciyarmu tare muna aikin nas a asibitin masu taɓin hankali.

Ni da na yi fice a makaranta, kallon hukunci na yi wa aikin. Dangina ma in an tambaye su, cewa suke a ma'aikatar lafiya nake. Shi bai taɓa ɓoyewa ba. Wata rana majinyaci ya fasa masa leɓe. Ya wanke jinin, ya koma ya ƙarasa ba shi abinci. Na ce, "Kai ba ka jin zafi ne?" Ya ce, "Ina ji, Malam Garba. Amma sai an tashi."

Da gaske yake. In mun tashi, ba ya barin mu wuce gida kai tsaye. Akwai wani benci a gindin mangwaro a bakin Unguwar Dosa; nan muke zama, kowa ya amayar da abin da ya gani ranar. Wani lokaci ya yi dariya har hawaye, wani lokaci hawayen kaɗai. Yakan ce, "Sauke shi nan, yaranka ba su yi maka komai ba." Daga manyan asibiti har maƙwabtan da ke mana kallon rabin mahaukata, ba wanda ya taɓa tambayar ya muke ji.

Yana da ƙa'ida: in ka ga tsohon majinyaci a waje, kada ka fara gaishe shi, kada ka tona masa asiri. A zaman makoki na hangi wani dattijo cikin babbar riga, wanda Isiyaku ya yi watanni yana yi wa wanka. Ya shafa addu'a, muka haɗa ido, ya tashi ya fita. Ban gaishe shi ba. Amma abin ya tsaya min a ƙirji, kuma mutum ɗaya ne zan iya gaya wa.

Da yamma na je bencin. Samari ne a kai suna danna waya. Na ɗan tsaya, na juya na kai abina gida.

Allah Ya jiƙan Malam Isiyaku, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinSa, Ya sa ya huta. Allah Ya ba Hadiza da ƙannenta haƙuri. Mu da muka rage, Ya sa mu cika da imani.