Baƙar Ƙasar Mma

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, magini ya iso gidanmu na unguwar Kukuo da igiya da turaku ɗaure a bayan kekensa. Ba mu daɗe da tarewa ba, bayan shekarun da muka yi cunkushe a ɗakin haya a zango. Babanmu, wanda gyaran keke ne sana'arsa, ya yanke shawarar a shafe tsakar gidan da siminti kafin ruwa ya sauka. Magini ya kafa turaku, ya ja igiya daga bakin ƙofa har katangar baya. Juyowar da zai yi, sai ya tarar mahaifiyarmu, da muke kira Mma, ta kife turmi a tsakiyar abin da ya auna, ta zauna a kai da faifai tana tsintar shinkafa, ko kallonsa ba ta yi. Baba ya ce, "Salamatu, tashi mana, mutum na aiki." Ta ce, "Maigida, nan lambuna ne." Ni da yayana Fuseini muka dubi wurin, muka dubi juna, don ko ciyawa ba ta yarda ta fito a nan ba.

In za a faɗi gaskiya, Baba yana da hujja. Kafin filin ya zo hannunsa, masu buga bulo sun kwashe ƙasar sama kaf, sun bar ja mai tsakuwa, wadda in ka sara da fartanya sai ta yi ƙara ta dawo maka. Da rani ta ƙame, da damina ruwa ya kwanta a kanta ya ƙi shiga. Ita kuwa Mma 'yar manoma ce, kuma duk zamanmu a zango abin da ta samu ta shuka bai wuce cikin wani fasasshen baho ba, shi ma kajin maƙwabta suka cinye. Babu abin da yake ƙona mata rai kamar ta aike mu kasuwa mu dawo da ayoyo, ganyen miyar nan mai yauƙi da muke cin tuwon zafi da shi, ya yi yaushi tun a hanya. A ƙarshe suka daidaita a kan damina ɗaya. In ta yi miya da ganyen wurin kafin ruwa ya ɗauke, lambu ya zauna. In ba haka ba, magini ya dawo da igiyarsa.

Sana'ar Mma gumi ce: ta jiƙa shinkafa, ta turara, ta shanya, mu kai inji. A bayan injin kuwa ɓuntu, wato ɓawon shinkafa, tuli ne, kyauta, har roƙon mutane ake yi su kwashe. Sai ta ce abin da ya fito daga gona ai ba zai cuci gona ba. Muka yi ta jido a kai, ta juye shi ɗanye cikin jar ƙasar, ta yi kunyoyi, ta watsa irin ayoyo da alayyafo, ta dasa kuɓewa a gefe. Ruwan farko ya sauka, suka tsiro, muka yi ta tsalle. Bayan 'yan makonni sai suka tsaya cak, ganyen ya koma rawaya, kara siriri kamar tsinken tsintsiya. Ashe ɗanyen ɓuntu kafin ya ruɓe, ɗan abincin da ya rage a ƙasa yake fara cinyewa. Baba ya kan bi ta wurin da butarsa, ya duba, ya wuce abinsa. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mana sauƙi. Na tausaya wa Mma ƙwarai a kwanakin nan, don na sha ganinta tsugune a bakin kunya da asuba, ta yi tagumi.

Mafita daga bayan madafi ta zo. Can take zubar da ragowar ɓuntun da take hura wutar gumi da shi, wanda ya yi baƙi bai kai ga zama toka ba, kuma can awakinmu suke kwana. Wata safiya ta je zubar da ruwan wanki, ta ga wani alayyafo da ba wanda ya shuka ya kai mata gwiwa, kore shar. Ta tura hannu ƙarƙashinsa, ta damƙo ƙasa baƙa, mai sanyi, mai wargajewa a tafi, har da tana a ciki. Ta ƙwala mini kira, ta ce, "Rahinatu, zo ki shinshina." Na shinshina, na ce ni warin akuya nake ji. Ta kai mini duka da gefen zane tana dariya, dariyar da muka kwana biyu ba mu ji ba.

Daga ranar aikin ya sauya. Mma ta kan kafa wani tsohon bututun langa-langa a tsaye, ta hura wuta a gindinsa, ta tula ɓuntu kewaye da shi, ya yi ta cin kansa a hankali. Da ya yi baƙi sai a yayyafa ruwa maza-maza, don in aka yi sake ya zama farar toka, wahala ta tashi a banza. Ta gauraya shi da kashin awaki da sharar tsakar gida da ruɓaɓɓen ganyen darbejiya, ta zuba a rami ta rufe. Kashin awakin nan rabona ne. Kafin in tafi makaranta sai na zagaya gidajen maƙwabta da tsintsiya da kwano, ina gaishe su ina share musu turke, su kuma suna sa mini albarka suna dariya. A makaranta in muka tsaya wasan ampe na tsalle da tafi, 'yan ajinmu sai su toshe hanci, wai ƙaurin hayaƙi nake yi, har suka sa mini suna 'Yar Gawayi. Na yi kuka, na yi dambe, sunan bai tafi ba sai da na gama firamare. Fuseini kuma korar zabi aka ba shi, ya mai da ita farauta.

Damina ta riga ta raba tsakiya sa'ad da Mma ta tuge rawayen nan, ta sake shuka a kunya biyu kacal, iyakar abin da takin ya isa. Wannan karon ruwa in ya sauka shigewa yake yi, kuma ko an yi kwanaki ba a samu ba, ƙasan da danshinsa. Ranar da ta yanki ayoyon farko, ta yi tuwon zafi, ta ajiye wa Baba. Ya cinye, ya suɗe hannu. Washegari da yamma sai ga shi da tsofaffin ƙafafun keke rataye a kafaɗa, ya kakkafa su jere, ya ɗaure da waya ya kewaye kunyoyin. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "Awakin nan ba su da kunya." Da magini ya dawo, bakin ƙofa kaɗai ya shafe.

Mma ba ta daina ƙona ɓuntu ba har ƙarfinta ya ƙare, kunya biyu suka zama rabin gida. Yanzu ita da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Kukuo ta cika da gini, ni kuma ina unguwar Jisonayili a gidan da aka shafe ko'ina, ina sayen ayoyo a leda. Bara Fuseini ya tashi gina ɗakuna a wurin lambun, ban hana shi ba, iyalinsa sun yi yawa. Ina tsaye masu haƙa tushe suka yi ta fito da baƙar ƙasa har zurfin gwiwa kafin su tarar da ja. Ɗayansu ya jingina da shebur ya ce, "Alhaji, daga ina an kawo wannan ƙasa? Babu irinshi a unguwan nan." Fuseini ya ce, "Ba kawowa aka yi ba. Mma ne ya yi shi." Wani mai renon furanni ya roƙa, aka loda masa ita a babur mai ƙafa uku. Zannuwanta da tukwanenta mun raba tun tuni. Abin da ta fi daɗewa tana yi kuwa, ina kallo aka sha kwana da shi.