Alƙalamin da Muka Ɓoye wa Yaya

Jihar Kebbi tana sabuwa lokacin da ɓarin jikin yayana na dama ya shanye. Shi ya koya mini ajami, shi ke rubuta wa manoman albasa wasiƙa a Argungu. Da ya kwanta sai muka kwashe alƙalumansa da tawada muka ɓoye, ni kuma na daina rubutu a gabansa. A wajenmu rashin kunya ne ka yi wa majinyaci kwalele da abin da Allah ya karɓe masa.

Na kai shi asibiti a Birnin Kebbi. Mai gasa masa hannu wata 'yar Kudu ce, iyayenta 'yan kasuwa ne a unguwar Nasarawa ta garin, Hausarta kuwa tamu ce sak. Da ta ji sana'arsa ta dube ni.

"Malam, ina alƙalaminai?"

"Mun ɓoye."

"Ku hiddo shi. Ka zamna gabanai kullum kana rubutu, shi yi ta kallo."

Ta ce a ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da ke motsawa in mutum ya yi aiki, su kuma motsa in ya ga wani yana yi. Ban yarda ba. Na ɗauka maganinsu ne ya ƙare, take sallamar mu da dabara. Kallo ya taɓa warkar da wa?

Na bi maganarta ne don in kama ta. Kowane hantsi ina zama kan tabarma ina rubutu, ido ɗaya kan takarda, ɗaya kan hannun Yaya. Shi kuwa harara yake yi mini.

"Ƙane, ba'a kake yi min?"

"Likita ta ce, Yaya."

Wajen mako na uku, ina jan wutsiyar harafin sin, na ga manuninsa ya ɗan ja. Na ce a raina rawar jijiya ce. Sai na tsaya cak a tsakiyar kalma ban gaya masa ba. Yatsan ya tsaya. Na ci gaba, ya bi ni. Sau uku ina gwadawa.

Har yau ban san ko bayaninta daidai ne ba, waraka ta Allah ce. Hannun bai koma yadda yake da ba. Amma kafin a cire albasar shekarar Yaya ya riƙe alƙalami ya rubuta Bisimilla, karkatacciya, ya ture mini takardar.

"Wata biyu kunka ɓoye min shi," ya ce.