Ranar da Na Ƙi Shafa wa Soron Wurno Siminti

Har gobe ban manta da safiyar Litinin ɗin da na ajiye cokalin gini a gaban injiniya na ce ba zan yi ba. Lokacin ina heluma a wani kamfanin gine-gine a Sakkwato, shekarata goma sha tara da su. Ga wanda bai san aikinmu ba, heluma shi ne tsakanin injiniya da leburori. Injiniya ya faɗa, heluma ya sa a yi, in aiki ya ɓaci kuma shi ake fara nema.

An tura mu Wurno gyaran wani tsohon soro, ba nisa da hubbare, kabarin nan mai tarihi da ake ziyarta. Masu gidan sun ce tun garin yana ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, aka gina shi, kuma da ka shiga sai ka yarda. Kaurin bangon ya kai kamu biyu, rufin ɗaurin guga ne, irin mai bakuna da ke haɗuwa a tsakiya, azarar ta yi baƙi ƙirin amma gara ba ta taɓa ta ba. Wani Alhaji ɗan gidan, da ya yi arziki a Abuja, shi ya ba da aikin. Niyyarsa kyakkyawa ce. Takardar aikin ce ta zo da ɓarna: a kankare tsohon yaɓe, a kafa ragar waya da ƙusa, a shafe da siminti, a yi fenti.

Ni ɗan magina ne, ƙasa na fara takawa kafin in san siminti. Bangon ƙasa yana shan ruwa da damina, ya fitar da shi da rani. In ka lulluɓe shi da siminti, ruwan da ya shiga ta gindi ko ta tsaga ba shi da mafita, sai ya zauna yana cin bangon daga ciki, waje kuwa tas.

Da muka fara kankarar bangon gabas, sai ga yaɓe hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Baba Ladan, dattijon gidan, yana zaune bisa buzunsa yana kallonmu.

"Heluma, ka san mi kaka hwasawa?" in ji shi. "Kowane ɗaya shekara guda ta. Damana na wucewa anguwa duk ta hito, a kwaɓa ƙasa, a jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa, a yi yaɓe. Wanga da ka tsaya kai, da hannun ubana anka yi shi."

Na duba, ga shatin yatsu biyar kamar jiya aka danna. Kunya ta kama ni. Na tsayar da yarana, na je na sami injiniya a gindin mota. Matashi ne mai ilimi, ba mugu ba, sai dai ya yarda da takarda fiye da idonsa. Na yi masa bayani dalla-dalla.

"Malam Bawa, ni abin da aka sa wa hannu na sani," ya ce.

"Ranka shi daɗe, takarda ba ta taɓa kwana cikin ruwan gabas ba."

"Za ka yi ko ba za ka yi ba?"

"Ba ni yi. In soron ga ya hwaɗi, ba da hannuna ba."

Dokar kamfani ita ce a ba ka takardar tuhuma, ka amsa cikin kwana ɗaya. Na amsa da layi uku, ban ba da haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba. Ranar Alhamis aka sallame ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji tsoro, don ina da iyali bakwai kuma furfura ta fara. Na koma Gwaranyo na kama noman albasa a bakin dam, abokai suna ta yi mini dariya wai na sayar da aikina saboda laka.

Sabon heluma ya shafe bangon gabas. Sauran ukun kuwa Baba Ladan ya hana, ya ja buzunsa ya jingina da bango, ya ce sai dai a shafe har da shi. Kamfani ya tattara kaya.

Damina biyu simintin ya yi. A ta ukun ya ɓanɓaro gaba ɗaya, ya tafi da rabin bangon. Allah ya tsare, ba kowa a ciki.

Alhaji da kansa ya zo har gona nemana. Na ce zan yi, amma buhun siminti ko ɗaya ba zai shiga gidan ba, kuma 'yan unguwa za su fito kwaɓa, har da shi. Ya dube ni, ya dubi takalminsa, ya ce to. Na ga Alhaji ya naɗe wando yana taka ƙasa har gwiwa, ban tausaya masa ba. Muka buga tubali, muka tayar da bangon, muka yi yaɓe. Baba Ladan bai gani ba, ya rasu kafin nan, kuma wannan yana yi mini ciwo.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan. Tsohon gini ba tsufa ke kashe shi ba, ranar da masu shi suka daina sa masa hannu ce yake fara mutuwa. Ma'aikacin da ya san abu ɓarna ne ya yi don an sa shi, shi ma ya yi ɓarna. Aiki na rasa, na samu wani. Bangon ma mun mayar. Amma yatsun nan biyar, duk iyawata, ban iya mayar wa Baba Ladan da su ba.