Malam Sahabi, Wa Zai Kai Mini Saƙo Yanzu?

Daga Allah muka fito, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1978, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Sahabi, mutumin Damagaram, tafinta a Majalisar Ɗinkin Duniya, bayan jinyar kwana shida a wani asibiti a Brooklyn. Ina bakin ofis ina goge gilashin mota aka gaya mini. Na ci gaba da gogewa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Malam, ni ne Lado direba. Ka san rubutuna. A aji huɗu muka rabu da elementare, kowa ya ga bai ƙaru da ɗan'uwansa ba. Ka haƙura da takardar nan yadda ta zo.

Alherinka ga mutanenmu na New York wasu za su faɗa, sun fi ni baki. Ni nawa guda ɗaya ne, kuma 'yata ce.

'Yar fari ce. Yadda aka tashe mu, ba na kama sunanta, ba na zama hira da ita, balle in yabe ta. Ita kuma nan ta girma, tana jin Hausa tana mayarwa da Turanci, sai ta ɗauka ƙi ne. Da ta gama digirinta a kan tsirrai, na yi walima, na rubuta Kano na ce an sauke. Bayan sati biyu ta aiko ka wurina: wai lauya take so ta zama, shekara uku kuma. Na ce shekara huɗu tana karatun ganye, wanda kakata ta sani ba ta taɓa riƙe alli ba, yanzu kuma a koma aji ɗaya? Ka yi mini bayani cewa a ƙasar nan ba a shiga makarantar lauya sai da digiri a hannu, ko na ganye ne ko na kifi. Na ce ban yarda ba. Ka sha shayinka, ka tambaye ni farashin taya. Lahadi uku kana zuwa kana shan shayina, har na ga yarda ta fi arha.

Tun daga nan kai ne tsakaninmu. Kai ka cike takardu da ita, kai ka zaunar da ita ta yi shirin jarrabawar shiga, kai kake sauraronta tana karanta shari'o'in mutanen da suka mutu tun kafin a haifi ubana. Ni kuwa in ina son ta san cewa ta rame, ta riƙa cin abinci, sai in buga maka waya. Saƙo ya tashi daga falona a Bronx, ya je gidanka a Flatbush, ya dawo ɗakinta da ke jikin falon. Da ta haye shekarar farko, kai ka ce mata, “Babanki ya ji daɗi.” Ina nan zaune a bayan jarida, ko tari ban yi ba.

Sau ɗaya ka ce mini, “Lado, tafinta fa ba ya dawwama.” Na mayar da maganar wasa, don aikina ke nan.

Saura wata biyu ta gama ka tafi. Tun daga jana'izarka ba ta koma makaranta ba. Ta zuba littattafan a kwali, ta ce wa uwarta Hajara wanda take yi dominsa ya tafi, babu wanda ya damu. Hajara ta kalle ni, ta ce yanzu sai in buga wa wa?

Ranar farko na tsaya a ƙofar ɗakinta na tambaya ko hitar ɗumama ɗakin tana aiki. Rana ta biyu na sake tambaya. Hitar lafiyarta lau. Rana ta uku na shiga, na zauna a kan kwalin kamar an kira ni gaban alƙali.

Na ce, “Nafisatu, duk abin da Malam ya riƙa gaya miki, ni nake aiko shi. Ki koma.”

Ta ɗago ta kalle ni. Sannan ta ce, da Hausa, ba ta san na iya faɗin sunan ba.

Jiya Litinin ta fito da jakarta ta ce in sauke ta a makaranta. Ta zauna gaba. Da muka isa ta buɗe ƙofa, na ce ta ci abinci. Abin da na iya ke nan. Na gaji, Malam. Ban san aikin da na ɗora maka yana da nauyi haka ba, kuma ban taɓa ce maka na gode ba. Wannan saƙon kam ba ni da ɗan aike.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya saka maka da Aljanna Firdausi. Iyalinka, Hajiya Fanna, da Dikko, da Ado, da 'yan'uwa na Damagaram, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.