Bayan Fitar Takaba

Ranar da na fita takaba na yi wanka, na ɗaura sabon zanen da ƴata ta aiko mini daga Yamai. Matan unguwa suka zo, aka raba waina, aka yi wa mamaci addu'a. Kafin la'asar kowa ya kama gabansa. Na share tsakar gida, na wanke kwanonin da aka ɓata, na kife su, sannan na zauna bakin ƙofar ɗaki. Daga nan ban san abin da zan yi ba. Shekarata sittin da huɗu a lokacin, kuma tun da na yi wayo ban taɓa zama babu wani aiki da ke jirana ba.

Shekara talatin na yi ina koyar da ƙananan yara a lakwal, wato makarantar boko, kusan duka a nan Damagaram, in ban da shekara huɗu da aka kai ni Takieta ina sabuwar amarya. Har yau Madam ake ce mini a unguwa. Maigidana direban kamiyo ne, babbar mota, yana ɗaukar kaya tsakanin nan da Agadas. Malam nake ce masa, ko da yake karatunsa bai yi nisa ba. Mutum ne mai surutu. In ya dawo daga tafiya sai ya ba ni labarin kowace tayar da ta fashe da kowane jandarman da ya tsare su, ina gyaran takardun yara ina cewa ya bar ni in ji da abu ɗaya. Ƴaƴa biyar muka haifa, biyu suka rayu. Macen tana aure a Yamai, namijin yana aiki a arewa, sai da salla muke ganinsa.

Saura wata uku in ajiye aiki, wata safiya Malam ya sunkuya zai ɗauki buta, sai ya kife. Kwanansa goma sha biyu a asibiti. Da aka sallame mu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta tafi. Kalma ɗaya tak ta rage masa, ita ce "to". In yana jin yunwa, to. In wani wuri na masa ciwo, to. In abokansa direbobi sun zo gaishe shi suna ba shi labarin hanya, sai ya bi su da ido yana cewa to, har suka gaji suka daina zuwa.

Maƙwabciyata ce ta koya mini jinya. Kirista ce, ma'aikaciyar asibiti, kowa Majo yake ce mata. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma yaranta duka sun bi ta ajina. Ita ta nuna mini yadda zan naɗe masa hannun da ya mutu a kan ƙirji, in lanƙwasa gwiwa, in kama kafaɗa da ƙugu in juyo shi ba tare da na karya bayana ba. Ta ce, "Madam, ciwon nan ba shi zai kashe shi ba. Gyambon kwanciya ne abin tsoro. Kada ki bar shi a ɓari ɗaya ya wuce awa biyu." Kowace Asabar takan leƙo ta auna masa jini, ta auna nawa.

Haka kwanakina suka koma. In na idar da sallar asuba in ɗora ruwa, in goge masa jiki, in canza zanen gado da ledar da ke ƙasa. In shafa masa man kaɗe a baya da ɗuwawu da dugadugai. In dama kunu, in jira ya huce, in ba shi da ƙaramin cokali ta gefen bakin da ke aiki. In lokacin salla ya yi in kawo masa dutsen taimama, in kama hannunsa na hagu in ɗora. Sai wanki. Wanki ne abin da ya fi cin raina, domin a garin nan famfo na iya yin kwana biyar bai ɗiga ba, kullum kunnena na waje ina sauraren masu ga-ruwa. Shekara tara na yi a haka. Ban je biki ba, ban je suna ba, ko gaisuwar mutuwa a tsaye nake yin ta.

Mutane sun yi ta yabona. A masallacin mata ana ba da misali da ni. Ni kuwa na san abin da ke cikina. Akwai wani yini a bazara, a shekara ta shida, ruwa ya ƙare ƙaf, zafi kamar a tanda, ya ɓata zane na uku tun safe, babu sauran mai tsabta a gidan. Na zauna ƙasa kusa da gadon, na ce masa a fili, "Malam, yaushe za ka sake ni in huta?" Ya dube ni, ya ce, "To." Ban san ko ya gane ba. Majo ta sha faɗa mini cewa masu irin wannan ciwo suna jin komai, faɗi ne ba sa iyawa. Washegari ina ba shi kunu na ce ya yafe mini. Amsar da ya ba ni ita ce dai ta jiya, da murya iri ɗaya. Shekara uku ya ƙara a duniya bayan wannan, ban taɓa sanin matsayina a wurinsa ba.

Da damina ya rasu, da hantsi. Na fita in ɗauko cokali, na dawo na tarar ya cika.

Takaba ba ta yi mini wuya ba, don tana da ƙa'ida, kuma akwai masu shigowa. Na san abin da zan sa, na san inda ba zan je ba, ina ƙirga kwanaki. Abin da ya biyo baya ne ba wanda ya gaya mini. Hutun da na roƙa ya zo, na rasa inda zan ajiye shi. Ina tashi da asuba kamar kullum, in yi salla, in ɗora ruwan da ba wanda zai yi amfani da shi. Kafin bakwai na gama duk aikin gidan. Daga nan sai in zauna ina kallon inuwar katanga tana janyewa. Abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Sau da yawa gari nake jiƙawa in sha, don kunna wuta saboda mutum ɗaya ya zame mini abin kunya. Ba kuka nake yi ba. Da kuka ne da na san sunan abin. Kawai dai komai ya zama ɗaya a wurina, Juma'a da Talata, zuwan ruwa da ɗaukewarsa.

Ƴata ta matsa in je wurinta. Na je na yi wata biyu a Yamai. Sun ba ni ɗaki mai sanyi, sun hana ni taɓa ko tsintsiya. Ita da mijinta su fita aiki, jikoki su tafi lakwal, in sun dawo su gaishe ni su shige ɗaki suna hira da Zabarmanci da Faransanci. Ni da na koya wa ɗaruruwan yara karatu, ba wanda ya taɓa kawo mini littafinsa in duba. Na ce mata zan koma gida.

Ta ce, "Inna, me kika bari can? Wa kike da shi can?"

Na ce, "Ba kowa. Amma can na san inda komai yake."

Da na dawo na shiga makarantar islamiyya ta mata. Na yi wata guda ina zuwa, bakina na bin karatu, hankalina ba ya wurin. Salla ma ina yin ta a kan lokaci, ban taɓa fashi ba, amma na san yadda nake yin ta da can, lokacin da nake da abin roƙo. Wannan ya fi komai tsorata ni, ban kuwa faɗa wa kowa ba.

Kusan shekara guda da fitata takaba, Majo ta shigo wata Asabar da abin awonta. Bayan ta kwance shi daga hannuna sai ta ce tana da roƙo. An sallami wani manomi daga asibitinsu, mutumin Zermu, ciwonsa irin na Malam. Sun sauka gidan wani ɗan'uwansa a Kara-Kara don a riƙa duba shi. Matarsa ba ta san komai ba, har bayansa ya fara saɓulewa.

"Ni ba ni da lokacin zama da ita," in ji ta. "Ke kuma ba wanda ya kai ki sanin aikin nan, har mu da muka karanta."

Na ce, "Majo, shekara tara ba ta ishe ni ba?"

"Ta ishe ki. Ban ce dole ba."

Ta tafi. Na yi kwana uku ban je ba. A na huɗu na sa hijabi na tari adaidaita, ba don tausayi ba, gaskiya, sai don safiyar ta yi mini tsawo.

Gidan yana can bayan duwatsu, ɗaki biyu na laka. Tun daga zaure na ji warin, na kuma gane shi. Mutumin na kwance kan tabarma a ƙasa, dogo ne, duk ƙasusuwa. Matar tana durƙushe tana kore masa ƙuda da mafici. Da na ce Majo ce ta aiko ni, sai ta matsa ta ba ni wuri. Na naɗe hannun rigata. Na nuna mata yadda ake juyi, na sa ta yi da kanta sau uku har ta iya. Muka wanke gyambon da ruwan gishiri, muka samo tsohuwar katifa a wurin masu gidan, na tsaga mata zannuwan gadon Malam biyu da na zo da su. Na ce kada ta ƙara ba shi fura yana kwance, sai ta jingina shi, in ba haka ba zai shaƙe.

Da na koma gida ranar na ji yunwa. Na dafa shinkafa da wake na ci har na ƙoshi.

Mako shida ina zuwa kowace safiya. Matar ba mai yawan magana ba ce, amma hannunta na da kyau, abin da aka nuna mata sau ɗaya ta riƙe. Ta bar yara huɗu wurin uwar mijinta a ƙauye. A gona mijin ya faɗi, suna cikin girbin gero. Gyambon ya fara kamewa, fuskarta ta ɗan saki. Ni ma ƙafafuna sun daina nauyi. Har na fara lura da abubuwan hanya, masu tuyar ƙosai, ƴan lakwal da jakunkunansu.

Wata rana muna shanya a tsakar gida sai ta ce, "Inna, an ce naki maigidan ma haka ya yi."

Na ce haka ne.

"Ya tashi?"

Na so in yi mata ƙarya, ban iya ba. Na ce, "Bai tashi ba."

"Ya daɗe?"

"Shekara tara."

Ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta. Can ta ce, "Autana bai cika shekara biyu ba." Sai ta matse zanen ta shanya. Na nemi abin da zan faɗa mata mai sanyaya rai, na duba cikin shekarun nan tara duka, ban samu ba. Na ce Allah yana tare da masu haƙuri. Ta ce haka ne. Mu duka mun san ba amsar tambayarta ba ce.

Bayan kwana biyar na zo na tarar da ɗakin a share, tabarma a naɗe. Matar gidan ta ce ƴan'uwansa sun zo jiya da yamma sun ɗauke shi. Ba za a bar gida da amfanin gona haka ba, kuma an ba su labarin wani mai magani a can wajensu. Na tambaya ko matar ta bar mini saƙo. Ta ce ta dai ce a gaishe ni. Ba ta da waya, ni kuma ban san ko sunan unguwarsu ba. Ban sake jin labarinsu ba, ban san ko yana da rai ba.

Na tsaya a bakin titi na daɗe kafin in tari abin hawa. Ƙarfe takwas ma ba ta yi ba.

Tun daga nan Majo ta tura ni gida uku. Majinyata biyu sun rasu. Ta ukun wata tsohuwa ce a Garin Malam, ina zuwa Litinin da Alhamis in taya surukarta wanka da juyi. A waɗannan ranaku ina cin abinci sosai, ina kuma samun barci. Ba zan ce rayuwata ta cika ba. Kwana biyu ne a cikin bakwai, sauran biyar ɗin suna nan yadda suke. Wani lokaci ina jin kunyar cewa sai wani ya kwanta ciwo kafin in san amfanin tashina.

Watan jiya Majo ita ma ta ajiye aiki. Ɗanta ya gina mata ɗaki a Maraɗi kusa da cocinsu, ya ce ta koma can. Ni na taya ta ɗaure kaya. Muna cusa tukwane a buhu ta ce, "Madam, ki riƙa zuwa ana auna miki jini. Na san halinki."

Na ce zan riƙa zuwa.

Ta ce, "Ba za ki je ba."

Muka yi dariya kaɗan. Motar ta zo da hantsi, na raka ta har bakin titi. Wasu ma'aurata ne suka shiga gidanta yanzu, yara ne, suna gaishe ni da ladabi in mun haɗu a ƙofa. Har yanzu ban shiga ba.