Ranar da Sabis Ya Ɗauke wa Baba Alhaji

Ban taɓa mantawa da ranar da na kusa rasa izinin aiki daga gida saboda na kasa cewa ɗana nawa ne ba. Ku sababbin ma'aikata da kuke dariya, ku bari in gama tukuna.

Lokacin ina mataimakiyar jami'in bayanai a ƙungiyar nan tamu mai tallafa wa manoman shinkafa. Jami'an fili na Bakura da Maradun su turo mini sunayen manoma da girman gonakinsu, ni kuma in tace, in shigar a kwamfuta, in aika ofishinmu na Gusau. Bayan hutun haihuwa, dokar ofis ta yarda mai shayarwa ta yi aiki daga gida, ana sabunta takardarta duk wata uku. In aka soke, to kullum sai na kama hanyar Gusau daga Mafara, in bar jinjiri ɗan wata biyar. Ko kuma in ajiye aikin, wanda shi ne gaskiyar abin da zai faru.

A takardar akwai gurbin sunan jariri. To yaron nan ɗan fari ne, kuma sunan surukina, Baba Alhaji, aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kaina. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma nuna ta san da zamansa a gaban manya, balle sunan suruki. Sai na rubuta "yaro" a gurbin. Tsohon shugabanmu ɗan ƙasa ne, ya gani ya gane, ya sa hannu.

Sai aka kawo mana sabuwar shugaba daga Abuja. Madam muke ce mata. Tana jin Hausa sarai, amma ta kasuwa da ofis, ba ta tsakar gida ba. Ta kira taron bidiyo wata Talata da hantsi, mu ma'aikata da shugabannin manoma. Shugaban manoman Damri kuwa ba kowa ba ne sai Baba Alhaji.

Ranar, Inna, uwar mijina da ke riƙe mini yaron, ta tafi gaisuwa Dosara. Na ce ba komai, ai ba na buɗe kyamara. Na goya shi, na kife turmi a gindin darbejiya inda sabis ya fi ƙarfi, na ɗora kwamfuta. An kwashe kusan kwatan awa ana gaisuwa, ana tambayar gida da damina da gajiyar jiya. Ana gamawa Madam ta ce kowa ya buɗe kyamara, tana son ta ga fuskokinmu.

Na buɗe, na ja mayafi na rufe goyon. Ina karanta rahoto ina jijjiga, kaina na sama yana ƙasa kamar mai tafiya a kan jaki. Na kai kan gonakin Damaga ke nan sai ɗan banzan ya fizge mayafin, ya leƙo ta kafaɗata, ya buɗe baki ba haƙori ya yi wa Madam dariya.

"Kai, masha Allah!" in ji Madam. "Rabi, wannan ɗanki ne?"

Idona ya faɗa kan ɗan akwatin da fuskar Baba Alhaji take, da rawaninsa da furfurarsa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "A'a, ranki ya daɗe. Wani yaro ne na nan gidan."

"Na wa?"

"Na... mutanen gidan."

Sai na ga ta jawo wata takarda. Murmushin ya tafi. Ta ce dama tana da tambaya a kan fayil ɗina, don ba ta taɓa ganin jariri mai suna Yaro ba. Ta ce a inda ta baro an kama masu aron jariri don su zauna a gida. "Yanzu kuma da bakinki kin ce ba naki ba ne. To ina naki?"

Lawali, jami'in filinmu na Maradun, ya yi gyaran murya zai yi bayani. Ta ɗaga masa hannu. "Ita nake tambaya. Ana naɗar taron nan. Rabi, in yaron naki ne ki faɗa, in ba haka ba ranar Litinin ki bayyana a Gusau."

Tsoro ya kama ni sosai, ga aikin da na sha wuya na samu, ga yaron da ba ya karɓar komai sai nono. Amma in dubi tsabar idon surukina in ce "ɗana ne"? Da wane ido zan kai masa gaisuwar Juma'a?

Can sai muka ji muryar Baba Alhaji da ƙarfi, irin ta masu tunanin waya ba ta ji sai an ɗaga murya.

"Jama'a, ni dai sabis ya ɗauke min! Ban jin komi, ban ganin kowa. Duk abin da anka hwaɗi yanzu, ban nan!"

Ya faɗi haka, ya ƙame. Ya kafe ido wuri ɗaya, baki a ɗan buɗe, wai shi hoto ya tsaya. Alhali ga akuya tana wucewa a bayansa, ga ƙuda ya sauka a kan hancinsa yana yawo. Tsohon nan ko ƙiftawa bai yi ba. Lawali ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Na sunkuyar da kai na ce, can ƙasa, "Nawa ne, ranki ya daɗe. Ni na haife shi."

"Sunansa fa?"

Na nuna akwatin Baba Alhaji da yatsa. "Irin na wanda sabis ya ɗauke wa."

Madam ta dubi jerin sunayen mahalarta, ta dube ni, ta dubi tsohon da ƙuda ya kai masa gira. Mace ce mai kaifin basira. Ta rubuta sunan da hannunta, ta ce an sabunta izini, tana danne dariya.

Nan take Baba Alhaji ya kaɗe ƙudan. "Alhamdu lillahi, ya dawo! Mi anka ce game da taki?"

Daga baya Madam ta kira ni ta ba ni haƙuri, ta kuma sa aka gyara takardar: yanzu uba ko kaka na iya cike gurbin sunan. Wadda kuke cikewa ke nan.

Abin da na koya shi ne, aikinmu ba a kan fayil yake tafiya ba, a kan mutanen da suka san lokacin da ya kamata su daina ji ne. Ranar Juma'a na je gaisuwa Damri, na durƙusa daga bakin zaure. Baba Alhaji bai ko kalli goyon ba. Ya ce, "Rabi, wayoyin zamani ba su da amana. Ranan nan ban ji komi ba." Sannan ya ƙara, "Amma ki riƙa ɗaga murya wurin aiki. Da ƙyar na ji ki."